Fasfo a jikinka ko a otal: wanne ya fi idan ɗan sanda ya tare ka a ƙasar waje?

Ɗan yayata ne zai yi fitarsa ta farko saro kaya, Istanbul zai fara sauka daga nan ya wuce Guangzhou, sai ya zo gida bayan isha'i da ɗan koren fasfonsa sabo fil a hannu yake ce min, Kawu, wai idan na sauka a otal zan bar shi in riƙe kwafi, ko da shi zan dinga yawo? Ashe mutum biyu ya tambaya a kasuwa kowa ya faɗa masa daban. Ɗaya ya ce kar ya kuskura ya fita da shi ɓarayi za su raba shi da shi, ɗayan ya ce kar ya kuskura ya fita babu shi 'yan sanda za su kwashe shi. Kuma gaskiya dukkansu biyun ba ƙarya suka yi ba, kowa abin da ya gani da idonsa ya faɗa. Shi ya sa na ga ya kamata in zauna in baje maganar sosai, don na ga abin da kowane ɓangare yake jawowa.

Bari in fara da masu cewa a bar shi a otal, don tsoronsu yana da tushe. Fasfo idan ya ɓace a waje ba takarda ɗaya ka rasa ba, bizar da ke ciki ta tafi, ta ƙasar da kake da ta ƙasar da za ka wuce, da duk hatiman shiga da fita da ka tara shekara da shekaru waɗanda su ne ke sa a yarda da kai idan ka je neman wata bizar. Wata Hajiya da muke layi ɗaya da ita a kasuwa, a cikin taragon Istanbul aka zuge mata jaka lokacin cunkoso, fasfo da waya da dalolin sari duk a jaka ɗaya suke. Sai da ta je caji ofis ta kai rahoto, sannan ta kama hanyar Ankara, wajen kilomita 450, don can ofishin jakadancin Najeriya yake, aka yi mata takardar tafiya ta gaggawa wadda ake kira ETC, ita kuwa wannan takarda gida kawai take kai mutum, ba ka wuce wata ƙasa da ita. Tikiti ya ƙone, kuɗin otal ya ƙaru, sarin bai yiwu ba. Ta dawo ta sake bin layin imigireshan, kuma kun san tun 1 ga Satumba 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000. Wanda ya ga wannan dole ya ce maka kulle shi a akwatin otal.

Toh amma ga abin da masu wannan shawarar suke mantawa. Ɗan sandan da ya tare baƙo a titi ba sunanka ne damuwarsa ba, so yake ya san da izini kake cikin ƙasar ko babu, yaushe ka shigo, kwana nawa aka ba ka, sun ƙare ko da saura. Amsar nan tana cikin biza da hatimin shiga da kuma ɗan guntun na'urar da ke cikin bangon fasfo wanda suke karantawa da na'urarsu. Kwafi ba shi da ko ɗaya daga cikin abubuwan tsaron nan, takarda ce da kowa zai iya gyarawa a shagon kwamfuta, shi ya sa karɓarta ganin dama ne na wanda ya tare ka. Ya ga dama ya duba ya ce wuce, ya ga dama ya ce shiga mota. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, Baturen da ya fito yawon buɗe ido da kyamara a wuya zai iya wata guda a gari ba wanda ya ce masa kanzil, amma kai baƙar fata da ledojin kaya a hannu a unguwar da baƙi suka yi yawa, kai ne na farko da ido zai sauka a kansa. Shawarar da ake rubuta wa Turawa ba lallai ta yi maka aiki ba.

Ni a Istanbul na koyi wannan. Wajen la'asar ne na fito daga Laleli zan gangara Aksaray da samfurin atamfofi da lesuka a leda, sai ga jami'ai biyu a bakin tashar tarago, ɗaya da 'yar na'ura a hannu. Ya ce fasfo. Na zaro kwafina da na ninke gida huɗu, har ya fara yagewa ta wajen ninkin, ya buɗe ya juya baya ya ga fari fat, sai ya miƙo min ya ce orijinal. Na nuna masa hoton a waya, ya girgiza kai. Aka sa ni a motarsu da ke gefe tare da wasu samari 'yan Afirka su uku, aka ɗauki zanen yatsa, na zauna kusan awa uku kafin abokin tafiyata ya samu otal su yarda ya shiga ɗakina, ina karanto masa lambar akwatin ta waya. Ba wanda ya zage ni ba wanda ya taɓa ni, fasfo na zuwa suka duba biza suka sallame ni, amma mai kagon da muka yi alkawari da shi ya rufe ya tafi, kayana suka ƙara kwana huɗu. A Turkiyya doka ce mutum ya kasance da shaida mai hoto a jikinsa, baƙo fasfo, mazauni kuma katin zama da suke kira ikamet, kuma tun 2023 suka baza motocin tantance baƙi a Istanbul, a irin unguwannin da mu 'yan kasuwa muke shiga ɗin nan.

Caina ma babu wasa. Dokar shiga da fita da ta fara aiki 1 ga Yuli 2013 ta ce duk baƙon da ya kai shekara 16 ya riƙe fasfonsa a jikinsa kuma ya nuna idan jami'an tsaro suka nema, wanda ya ƙi yarda a duba ana iya cin tararsa har yuwan 2,000. Akwai kuma rajistar masauki, idan otal ka sauka su za su yi maka, idan gidan wani ka sauka kai za ka je ofishin 'yan sanda cikin awa 24, kuma 'yar takardar da za su ba ka ta zama abokiyar fasfo, tare suke yawo. Duk wanda ya san Xiaobei da Sanyuanli, unguwannin da 'yan Afirka suke taruwa a Guangzhou, ya san duba fasfo a can abu ne na yau da kullum, har a Yulin 2009 sai da 'yan Afirka suka yi zanga-zanga a gaban wani ofishin 'yan sanda a Guangzhou bayan wani ɗan Najeriya ya diro daga bene yana gudun masu duba biza. Ban da 'yan sanda ma, a Caina ba ka hawa jirgin ƙasa mai gudu sai da fasfo, ba ka canjin kuɗi a banki sai da shi, to kaga barinsa a ɗaki ma ɗaure kanka ne. Japan ita ma haka, baƙo dole ya riƙe na asali kuma tarar rashinsa tana iya kaiwa yen 100,000, mazauni kuma katin zamansa, nasa tarar har 200,000. Maleshiya da ɗalibanmu suke yawan zuwa ita ma na asali ake nema.

Turai ce take ruɗa mutane, don ana ɗauka tunda biza ɗaya ce ta Shengen doka ma ɗaya ce, alhali kowace ƙasa da tata. Italiya ta fi tsanani a rubuce, dokar shige da fice ta 1998 ta ce baƙon da jami'i ya nemi fasfonsa ko shaidarsa da takardar zamansa ya kasa nunawa ba tare da uzuri ba, ana iya ɗaure shi har shekara ɗaya da tara har yuro 2,000. Faransa kuma baƙo dole ya iya nuna takardar da ta ba shi izinin zama ko yawo a ƙasar, idan babu ana iya riƙe shi har awa 4 don tantance ko shi waye, idan kuma maganar izinin zama ce har awa 24. Sifen tana iya kai ka ofis har awa 6. Holan tun 1 ga Janairu 2005 duk wanda ya kai shekara 14 dole ya nuna shaida idan an nema, kuma kwafi ba ya cikin abin da suke karɓa, tara ce kai tsaye. Beljiyam daga shekara 15.

Jamus ce ta ɗan bambanta, kuma ita ce mutane suke kafa hujja da ita. A can doka ta ce ka mallaki fasfo mai aiki ka kuma nuna idan hukuma ta nema, amma ba ta ce sai yana aljihunka kowane lokaci ba, don haka barinsa a gida ba laifi ba ne. Sai dai rashin laifi daban, sauƙi daban, idan suka tare ka ba ka da abin nunawa suna da ikon riƙe ka su bincika jakarka su tafi da kai ofis ko su raka ka har gida ka ɗauko, yini ya tafi kenan. Kuma masu aikin gini da gidan abinci da tuƙin kaya da mayanka, waɗannan doka ta ware su, dole shaidarsu ta asali tana jikinsu a wurin aiki saboda jami'an kwastan masu farautar aikin ɓoye, kuma yawancin 'yan uwanmu a can irin ayyukan nan suke yi.

Abin da nake so kowa ya riƙe game da Turai shi ne maganar tsallaka iyaka. Ka hau bas ko jirgin ƙasa daga Milan ta Italiya zuwa Nis ta Faransa ko daga Ostiriya zuwa Munik ta Jamus, ba shinge ba komai, sai ka ga kamar daga Kano zuwa Zariya ne, amma a doka ƙasa ka tsallaka, kuma fasfo na asali wajibi ne. Ko kana da katin zama na Italiya, katin shi kaɗai ba takardar tafiya ba ne sai an haɗa da fasfo. Faransa tun Nuwamban 2015 take duba mutane a iyakokinta, tsakanin Ventimiglia ta Italiya da Menton ta Faransa 'yan sanda shiga tarago suke su sauko da mutane, Jamus ma tun 16 ga Satumba 2024 ta mayar da dubawa a duk iyakokinta na ƙasa. Ga kuma sabon tsarin da aka fara 12 ga Oktoba 2025 na ɗaukar yatsa da hoton fuska a kwamfuta maimakon buga hatimi, wato nan gaba ma babu hatimin da za ka yi kwafinsa, lissafin kwanakinka yana cikin na'urarsu kuma fasfon ne mabuɗin.

Ingila ita ce inda zan ce maka bar shi a ɗaki hankalinka kwance. Ba su da dokar yawo da katin shaida, ko 'yan ƙasar ba su da katin, wanda aka fara ma an soke shi a 2010. Direban da aka tare ba lasisi a hannu kwana 7 ake ba shi ya kai ofis. Katin zama na roba ma ya daina aiki ƙarshen 2024, an koma bizar intanet. Amurka kuma akasin abin da mutane suke zato ne, akwai tsohuwar doka da ta ce duk baƙon da ya kai shekara 18 ya riƙe shaidar rajistarsa a jikinsa koyaushe, mai girin kad, wato katin zaman dindindin, katinsa, mai ziyara ko ɗalibi takardar shaidar shiga ƙasar mai suna I-94 da ake bugowa daga intanet, kuma saɓawa tana iya jawo ɗaurin kwana 30. Da ba a cika damuwa da ita ba, daga 2025 aka taso da ita gadan-gadan.

Saudiyya sai an rarrabe, don mutum uku ne kowa da hukuncinsa. Mazauni iƙamarsa, wato katin zamansa, ita ce ransa, ita askar, wato ɗan sandansu, zai tambaya ba fasfo ba, kuma yanzu ta cikin manhajar Absher ma ana karɓa, sai dai waya tana mutuwa ko netwok ya ɗauke a daidai lokacin da ake buƙata, don haka katin ya kasance a aljihu. Wanda aka kama ba takarda kowa ya san inda ake kai shi, tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora gida, a Shumaisi tsakanin Jidda da Makka. Kuma dan Allah 'yan uwa mata masu tafiya aikatau ku sani, kafili, wato wanda ya ɗauke ki aiki, ba shi da ikon riƙe fasfonki a dokar Saudiyyar kanta, duk da cewa da yawa suna yi, wannan abin yana ci min rai ƙwarai don da shi ake ɗaure yarinya ta kasa motsi. Na biyu alhaji, shi bisa al'ada fasfonsa yana hannun masu kula da alhazai har ranar dawowa, abin da zai rataya a wuya shi ne katin Nusuk wanda aka wajabta tun hajjin 2024, da shi ake shiga Mina da Arfa da Harami, wanda ya bar shi a masauki yana iya shan wahala a shingen bincike ko da halastaccen alhaji ne. Na uku mai umara ko ziyara, shi fasfonsa yana hannunsa. A nan ni raba abin nake, idan daga masauki zuwa Harami ne, wajen ɗawafi da turmutsutsun nan inda ake yanke jaka, ina barinsa a akwati in riƙe bizata da na buga a takarda da katin otal. Amma idan hanya zan kama, Makka zuwa Madina, ko Jidda, ko Ɗa'if, na asali yana jikina, musamman daga Shawwal zuwa sama lokacin da ake tsaurara shiga Makka.

Nan kusa da gida ma kar a raina. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka kwana 90 ba biza, amma ba ta ce ka tafi hannu rabbana ba, takardar tafiya da katin allurar shawara suna cikin sharaɗin. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar 29 ga Janairu 2025, zirga-zirga ba ta tsaya ba, amma wanda ya bi Jibiya zuwa Maraɗi ko Illela zuwa Ƙonni ya san jandarma zai leƙo mota ya nemi kati, kuma yarenku ɗaya danginku ɗaya ba zai hana a sauke ka ba idan babu.

Idan ka haɗa duka za ka ga tambayar ba ta tsaya kan fasfo ko kwafi ba, ta dogara da kai waye a ƙasar. Mazauni mai katin zama, ikamet ne ko iƙama ko na Faransa, katin nan shi ne amsar tambayar ɗan sanda, ya riƙe shi ya ajiye fasfo a gida sai ranar tafiya, idan katin yana wajen sabuntawa ya riƙe rasit ɗin da aka ba shi. Baƙo mai 'yan kwanaki kuwa ba shi da wata shaida da ƙasar ta sani sai fasfon nan, katin NIN ko lasisin tuƙi na gida ba su nuna biza. To a ganina, in ka cire Ingila da alhazai da irin wuraren turmutsutsu ko bakin ruwa, baƙo ya fita da na asali. Dalilina shi ne haɗarin sata kai kake iya rage shi da dabararka, amma ko za a tare ka ko ba za a tare ka ba, wannan ba a hannunka yake ba.

Dabarar kuwa tsohuwa ce, lalita irin ta iyayenmu fatake. Ni tela na sa ya ɗinka min aljihun ciki mai zif a duk wandunan tafiyata, ta gaba ƙasa da ƙugu inda riga ke rufewa, daidai girman fasfo. Ina sa shi cikin 'yar leda mai zif tukuna, don gumi yana cin bango kuma shafin hoto idan ya jiƙe ya kumbura sai a ƙi karɓarsa a filin jirgi. Kuɗi ba sa shiga wannan aljihun, saboda duk inda za ka dinga zira hannu sau ashirin a rana ɓarawo ya riga ya gani. Mata kuma 'yar jakar wuya mai laushi a ƙarƙashin riga ta fi jakar hannu nesa ba kusa ba. Kada fasfo da waya da kuɗi su kwana wuri ɗaya, wannan shi ya karya Hajiyar can.

Akwai kuma 'yan sandan bogi, sun fi yawa a wuraren 'yan yawon buɗe ido kamar Basalona da Rum. Mutum biyu cikin kayan gida su walƙa maka wani kati da sauri su ce fasfo, daga nan su ce kawo walat mu duba ko akwai jabun kuɗi. Na gaskiya ba ya ƙirga maka kuɗi a titi. Ka nemi ganin katinsa da kyau cikin ladabi, idan ranka bai kwanta ba ka ce a tafi ofis mafi kusa a ƙafa, ko ka kira 112 a Turai. Na gaskiyar kuma kar ka yi gardama da shi kar ka gudu, kar ka gwada ba shi na goro, a ƙasashen nan wannan babban laifi ne da ya fi rashin fasfon.

Kwafi fa, a jefar da shi kenan? A'a, aikinsa ne daban, ranar da fasfo ya ɓace ake ganin amfaninsa, a caji ofis da ofishin jakadanci inda za a tambaye ka lambar fasfo da ranar da aka bayar da lambar biza, abubuwan da ba wanda yake haddacewa. A Caina ma bayan rahoton ɓata da sabuwar takarda sai ka koma ofishin shige da fice an ba ka izinin fita, duk nan kwafi yana rage kwanaki. Na sa ɗan yayata ya yi uku masu kala, shafin hoto da biza, ɗaya a akwatinsa, ɗaya wajen abokin tafiya, ɗaya wajen mahaifiyarsa, ya kuma tura wa kansa ta imel ba a waya kawai ba, na ce da ya sauka ya ɗauki hoton hatimin shiga ya ƙara, ya karɓi katin otal mai adireshi da yaren garin, ya rubuta lambar ofishin jakadancinmu na Ankara da ƙaramin ofishin da ke Guangzhou a takarda. Wandunansa biyu suna wajen tela yanzu haka, ranar Alhamis zai karɓo, jirginsa kuma Asabar da daddare.